Motar Aron da Na Yi Wa Surukina Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukina kamfanin da na sayi mota ba. Baban matata ne, tsohon makanike, ya taso daga Kano don ya ba da auren 'yar ƙaninsa a tsibirin Staten Island bayan Azahar. Ni na ce zan kai shi, har da bugun ƙirji.

Da safe motar ta fara rigima, fitilu suna ƙyaftawa, gilashi ya ƙi sauka. Ko a jikina. Na lallaɓa ta muka bar titinmu na Grand Concourse muka nufi kamfanin, ina ta yi wa Baba lacca (ni da ko taya ban iya canzawa ba).

"Baba, nan ba irin gida ba ne. Tana da garanti. Su karɓa su gyara, su ba mu motar aro mu wuce."

Ya ce, "To, madalla."

Ma'aikaciyar kamfanin har ta ajiye makullin wata farar mota a gabana, sai makanikensu ya leƙo ya ce mu zo mu gani. Ya buɗe ƙarƙashin sitiyari. Ga na'urar tayar da mota daga nesa da na saya a intanet saboda sanyi, ga wayoyi a murɗe da baƙin salatif. Sannan ya zaro fis. Da ya ƙone a watan jiya, siririyar waya na naɗa masa na mayar, yadda na ga ana yi a gida tun ina yaro.

Matar ta yi bayani a tsanake. Sa kayan da ba na kamfani ba bai soke garantin motar gaba ɗaya ba, amma wannan matsalar kayana ne suka jawo ta. Motar aro kuwa sai wanda gyaransa ke cikin garanti. Ina kallo ta ja makullin ta mayar aljihun tebur.

Baba ya sa tabarau, ya duƙa, ya daɗe yana dubawa.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yi maka wannan aikin? Kai ni wurinsa."

Na so in ƙirƙiro wani makanike in ɗora masa. Bakina ya ƙi.

"Ni ne, Baba."

Ya cire tabarau ya mayar aljihu.

Aka ce gada a cushe take, sai muka bi jirgin ƙasa, muka hau na ruwa, Baba cikin babbar riga yana dafe hula saboda iska. Muka isa ana rabon goro da dabino. Wani ɗan uwa na nesa ya riga ya ba da auren. Dattijo ya ƙetare teku saboda minti biyar, na cinye masa su. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Yanzu idan hannuna ya fara ƙaiƙayin gyara, zama nake yi a kansa. Motar ta gyaru, amma har Baba ya koma, duk inda za mu je sai ya juya ga 'yarsa ya ce, "Duba mana lokacin bas."