Albasa a Tukunyar Habboba

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da shekarar da na noma albasa a gidanmu na garin Gadarif ba, kuma har yau ina jin haushin mutanen gidan nan.

Albasa ta yi tsada, gona kuwa ba mu da ita, sai na bi jarkoki da gwangwanaye ina yankewa ina dasawa a bayan ɗakina. Garin neman ƙarin mazubi na tsinci wata tukunyar ƙasa mai faɗin baki, an kife ta a lungu, cikinta baƙi ƙirin. (Abu mai daraja ake ajiyewa inda kaji ke kwana? Ku yi mini adalci.) Na huda gindinta da ƙusa, na cika ta da ƙasa da kashin awaki, na dasa. Albasarta ta fi kowace kyau.

Da bikin ƙanwata ya matso, mata suka taru don fara mata duhan, hayaƙin ƙamshin nan da amarya ke zama a kansa. Cikinsu har da Hajja Amna, mahaifiyar Su'ad da nake nema da aure, wadda har lokacin ba ta gama yarda da ni ba. Na ce yau za ta ga namiji mai dabara. Na rungumo tukunyar ina nishi, na dire a gabanta.

"Hajja, ga noman hannuna."

Mata suka zuba wa tukunyar ido. Gwaggona, da tun safe take birkita gida tana neman wani abu, ta dafe ƙirji.

"Sajami, na shiga uku! Tukunyar duhan ɗin Habboba, kakarku! A ka ta ɗauko ta tun daga garin Mafaza, duk amaren gidan nan a kanta suka zauna. Ya walad, kai yaron nan, kashin awaki?"

Na ce ai sai a wanke. Ina rufe baki ruwan taki ya fara tsiyaya ta hujin, ya nufi tabarmar Hajja. Mata suka fashe da dariya, ƙanwata da kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk mutanen gidan sun ci ganyen albasar nan a miya, babu wanda ya taɓa tambayar inda ta tsiro!

Hajja Amna ba ta yi dariya ba. Ta tsinki ganye ɗaya, ta sansana, ta ce, "Albasa kam ta yi. Maganar Su'ad kuwa a bari sai ka ƙara girma, ya waladi."

Ina nan ina ta girman, Su'ad kuwa ta auri wani, tana garin Fau da 'ya'yanta. Abin da na koya shi ne, idan mata suka taru a tsakar gida, mai hankali kasuwa yake tafiya.