Sandar Kamun Kifin Baba Hedimasta

Duk faɗin Kafanchan, daga tashar jirgin ƙasa har gindin dutsen Kagoro, ba a haifi wanda ya kai ni sanin kifi ba. Haka na sha faɗa a zumuntar maza ta cocinmu, kuma ba ƙarya ce zalla ba, don na yi bautar ƙasa a Lokoja. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne duk kifin da na haɗu da shi a can, a cikin kwanon farfesu muka gaisa. To, ko zan manta ranar aurena (Allah ya sa uwargida ba za ta karanta wannan ba), ba zan manta da Asabar ɗin da bakina ya kai ni ruwa ba.

Baba Yohanna, hedimastan da ya koyar da rabinmu, shi ne ya yi ritaya. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya zauna a kwalekwale mai inji, ya saki ƙugiya a baya, jirgi na tafiya a hankali yana janta har kifi ya cafke. Zumunta ta yanke shawarar saya masa sandar wannan aiki. Da aka ce wa zai zaɓo, kafin a rufe baki na miƙe tsaye ina bugun ƙirji.

Na tafi kasuwa wurin Alhaji Sani, mai kawo kayan gwanjo daga Legas. Ya fito mini da sanduna biyu. Ɗaya gajeriya ce, mai kauri, kamar taɓaryar da ba ta gama girma ba. Ɗayar kuwa, jama'a! Siririya, ja, tana ƙyalli, kana janta tana ƙara tsawo gaɓa bayan gaɓa, har sai da ta taɓa kwanon shagon da ke kallonsa.

"Malam, in a jirgi za a ja, gajeriyar nan za ka ɗauka," in ji Alhaji. "Doguwar ta bakin rafi ce, ta 'yan ƙananan karfasa."

Na yi dariya irin ta manya. "Haba Alhaji! A gaban ikilisiya fa za a miƙa. In na fito da wannan guntuwar, matan zumunta za su ce mun raina Baba. Kyautar dattijo ai sai wadda na kujerar baya zai hango."

Ya dube ni, ya dubi sandar, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Irin addu'ar da ake yi wa wanda ya hau babur ba birki.

Ranar Lahadi kuwa na ci kasuwata. Na zare sandar a gaban bagadi, gaɓa ɗaya, biyu, uku, har bakwai, mata na guɗa, fasto na tsoron kada ta taɓo fanka. Baba ya share hawaye. Ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Asabar da safe muka cika bas muka nufi wani dam can ta wajen Kauru. 'Yan zumunta suka baje a bakin ruwa da tukunya, da citta, da barkono, da albasa, komai an tanada, kifi kawai ake jira. Mu uku muka shiga jirgi: ni, da Baba, da mai jirgin, wani mutum marar yawan magana. Da ya ga sandar, sai ya kashe inji.

"Oga, mangwaro za ka kaɗo?"

Na ce masa ya ja jirginsa, wannan ƙirar Turai ce. Ya nuna mini wani ɗan noti a jikin abin naɗe zare, ya ce in sassauta shi, don in babban kifi ya ja, zare ya riƙa bin sa har ya gaji. Ni kuma a lissafina, wanda ya sassauta wa kifi ai ya ba shi hanyar gudu. Da ya juya baya, na murɗe notin tamau, har da haɗawa da haƙori. Na kuma naɗe igiyar mariƙin a wuyan hannuna sau uku, kada kayan Baba su faɗa ruwa.

"Ɗana, kai ne gwani," in ji Baba. "Fara ka nuna mini, sannan in karɓa."

Muka tafi, inji na tuk-tuk-tuk, kifin robar da muka maƙala a ƙugiya na rawa a bayanmu. Ina cikin yi wa Baba bayanin halin kifin Lokoja (wai ba ya cin ƙugiya sai an yi masa fito), sai na ji fizga kamar an ɗaura mini saniya.

"Ya kama! Baba, ya kama! Yesu!"

Na miƙe tsaye. Mai jirgi na cewa, "Zauna, Oga! Saki zare!" Wane zama? Na hango baƙin bayan wata tarwaɗa ya ɓullo, na rantse ta kai ƙofar ɗaki (Baba ya ce ta kai cinya, amma idonsa ya tsufa). A bakin ruwa har an fara waƙar godiya, wani na buga murfin tukunya. Sandar ta lanƙwashe, ta ƙara lanƙwashewa, bakinta ya kusa sumbatar gindinta. Ina ihu, "Ku hura wuta! Ku hura wuta!"

Ƙas! Gaɓar sama ta karye. Ƙas! Ta biyu ta bi ta. Zare ya ƙi sakuwa tunda na ɗaure noti, jirgi na gaba, kifi na baya, ni ina tsakiya da igiya a hannu. Abin da na sani kawai, na ga tafin ƙafata a sama.

Na sha ruwan dam ɗin nan har sai da ya ragu. Mai jirgi ya cafko ni ta wuyan riga kamar kazar da ta faɗa rijiya. Da aka shimfiɗe ni a cikin jirgi, babu hula, babu takalmi ɗaya, babu sanda. Igiyar kaɗai ta rage a hannuna, ita ma a tsinke. Waƙa ta tsaya cak. Ina jin ƙarar murfi ana mayar da shi kan tukunya.

Tun ranar na koyi cewa in mai kaya ya ce ɗauki gajeriya, ka ɗauki gajeriya, ko da na kujerar baya ba zai hango ba.

Muna komawa gaɓa ina rawar ɗari, ina neman kalmar ban haƙuri. Baba ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini, ya gyara tabarau, ya ce da muryar nan tasa ta taron ɗalibai:

"Gobe in an tashi sujada, ka sanar wa zumunta kyautarsu ta isa lafiya. Tarwaɗa ta karɓa a madadina."