Injiniya Kashe-Kunna da Faɗuwa Ɗari

Cikakken sunansa, kamar yadda aka zana shi da ruwan zinariya a jikin ƙofar ofishinsa, shi ne Babban Injiniya Mai Kula da Dukkan Hanyoyin Sadarwa na Ciki da na Waje. Da wannan sunan, ba tare da ya rage ko harafi ɗaya ba, ya gabatar da kansa ga Maman 'Yan Biyu ranar Litinin ta farko a watan Oktoba, ranar da ta kama aikin gwaji na wata shida a kamfanin aika kaya. Ma'aikatan kantar karɓar kaya, da yake mutane ne masu gaggawa, sun taƙaita masa shi zuwa Injiniya Kashe-Kunna.

Ba kowane kamfani ake yi wa baiwa da irinsa ba. Kwat ɗinsa ba ta san lanƙwasa ba, takalminsa kuwa mutum na iya gyara hula a jikinsa. A wuyansa akwai jar igiya, a ƙarshen igiyar akwai makullin ɗakin sanyi, inda babbar kwamfutar kamfanin take, wadda duk ƙananan kwamfutocin kanta ke magana da ita.

Sau biyu a mako wannan magana takan yanke. Ma'aikaciya ta rubuta rabin adireshi sai allo ya sandare, masu kwalaye su yi layi har bakin titi. Nan ne girman Injiniya ke fitowa fili. A tashi mutum uku su je ƙofarsa, su gaishe shi, su tambayi iyali, sannan su faɗi abin da kowa ya sani. Shi kuma ya miƙe a tsanake, ya ɓalla maɓallan kwat, ya taka taku arba'in zuwa ɗakin sanyi kamar mai zagayen duba sojoji. A ciki ya kashe kwamfutar, ya rufe ido ya ƙirga talatin, ya kunna. Bayan minti goma sha biyu ya fito yana share gumi daga ɗakin da sanyinsa ke sandarar da yatsu.

"Na yi mata magana," in ji shi. "Ta ji."

Masu lura sun ce kwamfutar ta fi son faɗuwa ranar da baƙi suka zo daga hedkwata. Amma masu lura ba su da takardar shaidar injiniya.

Maman 'Yan Biyu ta yi wata uku tana karanta rajistar da kwamfutar ke rubuta wa kanta, daga ƙaramin teburinta na bayan kwalaye, har ta gano ciwon. Wata Asabar da safe tana shanya kayan makarantar yara ta bayyana wa maigidanta, malamin firamare mai haƙurin sauraro. Ta ce tsakanin kwamfutar da ƙarfen da waya ke shiga akwai wata 'yar manhaja, masu sana'ar na ce mata direba, aikinta aikin tafinta ne. Tafintan nan yana da ciwon suma, kuma an zaunar da shi ɗaki ɗaya da magatakardan da ke riƙe da jerin duk hirarrakin da ake yi. In ya faɗi sai ya faɗa kan magatakarda, takardu su watse, dole a tashi gidan gaba ɗaya. Abin da take so shi ne ta ware wa tafinta ɗakinsa, ta sa mai gadi yana tambayarsa ko yana nan. Da zarar bai amsa ba a janye shi a kawo sabo, magatakarda ya miƙa masa saƙonnin da ba su isa ba, hira ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Maigidan ya tambaya nawa abin zai ɗauka. Ta ce bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ya matse rigar da ke hannunsa, ya ce to Allah ya ba Injiniya haƙuri.

Dama ta samu a watan Fabrairu, da Injiniya ya tafi taron mako guda a kan makomar sadarwa. Ya bar wa Hajiya Manaja makulli a cikin ambulan da ya sa hannu a bakinsa sau uku. Rana ta biyu kwamfutar ta faɗi, Hajiya ta yage ambulan da haƙori, Maman 'Yan Biyu kuma ta roƙi izini ta ɗora gyaranta. Hajiya ta yarda, amma da sharaɗin hedkwata: sai an ga direban ya faɗi ya tashi sau ɗari a kan kwamfutar gaske kafin ƙarshen Maris. In ba haka ba a cire gyaran, mai gyaran ma ta nemi wani wuri.

Mako biyar ya rage. Faɗuwar da ke zuwa da kanta ba za ta wuce goma ba. Sauran sai an kayar da gangan, kuma ba a iya ba da wannan umarni sai daga cikin ɗakin sanyi. Makullin kuwa ya riga ya koma wuyan mai shi.

"'Yata," in ji Injiniya, da ta je roƙo, "shekara goma sha tara ina raya wannan na'ura. Na san numfashinta, na san fushinta. Yau ke, da kika zo jiya, kina neman in buɗe miki ƙofa ki kayar da ita da hannunki, sau ɗari, ina raye? Ki koma teburinki. Wata rana, in kin girma a aikin, za ki gode mini."

Ta koma, ta fara duba tallan neman ma'aikata a wayarta.

Abin da ya biyo baya jarrabawa ce da ba a taɓa ɗora wa babban mutum irinta ba. Mako ya wuce babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya bar ta a buɗe, don kada nauyinsa ya hana mabuƙata shigowa. Shiru. Ya fara zagaya kanta hannuwa a baya yana tambaya ko komai lafiya, a amsa masa da lafiya lau ba tare da an ɗago kai ba. Wata rana wata ma'aikaciya ta yi sallama a ƙofarsa. Ya miƙe, ya ɓalla maɓallai har na wuya, ashe aron kujera ta zo.

Ranar Larabar mako na biyu Maman 'Yan Biyu ta duba rajista ta ga faɗuwa ta tashi daga uku zuwa tara. Ranar Alhamis ashirin da biyu. Ta ɗauka gyaranta ne ya lalata wani abu. Sai ta karanta a hankali. Mai gadin da ta sa ba tayar da direba kawai yake yi ba, har wanda ya kayar da shi yake rubutawa. Layi bayan layi, suna ɗaya ne, cikakke, na ciki da na waje.

Ta juya kujerarta kaɗan ta zuba ido. Ga Injiniya ya shiga ɗakin sanyi. Ga shi ya fito da saurin da ba a san shi da shi ba, ya faɗa kujerarsa, ya gyara kwat, ya haɗa yatsu a kan tebur, ya ɗaure fuska irin ta wanda za a katse wa muhimmin tunani. Ya jira. Kanta na aiki, kwalaye na wucewa. Ya duba agogo, ya sake tashi.

Dole a yaba wa ƙwazonsa. Ya kayar da direban da sassafe, ya kayar da shi lokacin da layi ya fi tsawo. Ya kayar da shi sau uku a jere. Ya kayar da shi ana tsakiyar aika hotunan kaya na mako guda. Hanyoyin da ita ko a mafarki ba za ta tuna ba, duk ya bi su, don mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana zaɓen ranar da ta dace ya san inda abin ke ciwo.

Da lissafi ya kai saba'in da uku, maigidanta ya ce ya kamata ta gaya wa Hajiya. Ta ce ta gaya mata don ya daina? Saura ashirin da bakwai. Daga ranar ma sai ta ƙara ladabi. Kullum da safe ta tsaya a ƙofarsa ta rusuna, ta ce, "Baba Injiniya, kwana biyu na'urarka ko tari ba ta yi ba." Kafin azahar rajista ta ƙaru da shida.

Ranar taron duba sakamako, a ƙarshen Maris, baƙin hedkwata uku suka zauna, Hajiya ta buɗe rahoto. Faɗuwa ɗari da goma sha uku, tashi ɗari da goma sha uku, ba a rasa ko adireshi ɗaya ba. Babban baƙon ya ce madalla, amma wa ya yi wannan gwaji mai tsanani haka, alhali an ce makulli ɗaya ne? Hajiya ta juya shafi, ta sa tabarau, ta karanta sunan. Ta sake karanta shi a layi na biyu, da na uku, sannan ta cire tabarau ta dubi mai sunan.

Da ƙaramin mutum ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Injiniya miƙewa ya yi, ya ɓalla maɓallai.

"Ranku ya daɗe, tunda asiri ya tonu, ba zan ƙara ɓoyewa ba. Gwajin da aka sanar ba gwaji ba ne. Na hana yarinyar nan makulli don kada tausayin aikinta ya sa ta sassauta. Ni na ɗauki nauyin a wuyana, ni kaɗai, cikin sanyi, ba tare da neman yabo ba. Aikinta ya yi daidai da abin da na koya mata."

Aka tafa. Maman 'Yan Biyu ta fi kowa tafi, da zuciya ɗaya, don ta san ko nawa ne ɗari in an cire goma. Aka tabbatar mata da aiki, aka kuma ce ta zagaya rassa ta ɗora gyaran. Injiniya ya nemi a ƙara "da Gwaje-gwaje Masu Tsanani" a jikin ƙofarsa. Hajiya ta amince nan take, da sharaɗin gwajin ya ƙare daga ranar.

Da ta je yi masa sallama ta same shi a kujerarsa, makulli a wuya, mai fenti na ƙoƙarin cusa sabbin kalmomi a ƙasan tsofaffi. Ya ce in rassa sun gagare ta kada ta ji kunyar kiransa. Ya nuna ɗakin sanyi da haɓa.

"Waccan da kike gani, ko ƙifta ido ta yi, a jikina nake ji."

Yana tsakiyar faɗar haka wayarta ta yi motsi a cikin jaka. Saƙon mai gadi ne: direba ya faɗi da kansa, ya tashi, karo na ɗari da goma sha huɗu. Ta dubi wajen kantar karɓar kaya, ana ta aiki. Ta dubi Injiniya, yana gyara igiyar wuyansa. Ta rusuna ta ce Allah ya ƙara basira, ta ɗauki jakarta.

Ranar Alhamis ce, biyu ga Afrilu.