Ranar da Surukina Ya Goya Ni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye ni, da ranar da na raka Alhaji hawan dutse. Lokacin ina karatu a Alƙahira, ina haya a unguwar Abbasiya, ina kuma neman auren 'yarsa Hafsat. Shi ma'aikacin ofishin jakadanci ne. Likita ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa, sai abin ya zame masa jaraba. Har lokacin bai ce na turo magabatana ba, bai kuma kore ni ba.

Na je gaishe shi a gidansa a unguwar Dokki cikin hunturu, ya ce za shi duwatsun Sina, ko zan raka shi? "Amma fa akwai sanyi." Na ce, "Baba, ai ni ɗan Jos ne." (Allah ya isa tsakanina da wannan baki nawa.)

Hafsat ta ce na nemi rigar sanyi da takalmin hawa. Na ce wane ni na tsaya gaban mahaifinta da kayan 'yan ƙwallo? Na zuba shadda ta sha sitati, na kafa hula, na sa takalmi sau-ciki mai santsi.

Jama'a, ashe dusar ƙanƙara na zuba a Masar! Ni da na ɗauka ƙasar duk rairayi ce, muna isa Sina sai ga duwatsu sun yi fari fat. Haƙorana na kaɗawa, ina ce wa Alhaji ai wannan iskar shan shayi ce.

Muka isa wani ɗan tafki tsakanin duwatsu, samansa ya daskare kamar faranti. Iska ta fizge hular Alhaji ta wurga can. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, bar ta." Ni kuwa na ga damar nuna bajinta ta samu. Ina takawa sai ji na yi ƙaras! Na zurma har ƙugu, ƙafata ta gurɗe. "Wayyo Inna!" ɗin da na kurma, har duwatsu suka taya ni maimaitawa.

Shi da wani tsoho da ke mana jagora suka jawo ni, suka raba ni da jiƙaƙƙen wando, suka ɗaura mini bargo kamar zani. Jagora ya kwashi jakunkuna. Sai na ga Alhaji ya durƙusa ya ba ni baya.

"Yalla, hau."

"Baba, wallahi gara na mutu a nan."

"Ka mutu na ce wa Hafsat me? Hau!"

Mutumin da ko ido ban taɓa iya haɗawa da shi ba! Haka ya goya ni muna gangarowa, ina fatan ƙasa ta tsage. Na gama sallama Hafsat a zuciyata.

Da muka iso inda muka bar mota ya dire ni yana haki, ya ce, "Ka ce mutanenka su zo. Wanda na goya ai ɗana ne."

Har yau in ya yi baƙi, da "ɗan Jos" yake gabatar da ni. Hularsa kuwa tana can. Ni dai yanzu ko a watan zafi Hafsat ta ce na sa rigar sanyi, sai dai na tambaye ta wace kala.