Rumfar Sirri da Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da wata rumfar zana da na kafa da hannuna a wani ƙauye na yankin Dogon Kiriya ba. Har yau in na tuna ta sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni mutumin Kano ne. Wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a game da zaɓe ta tura ni Nijar, wai tunda ina jin Hausa aikin ba zai ba ni wuya ba. Aka haɗa ni da Madam Rakiya, 'yar Dogon Dutsi, wadda ta san ƙauyukan nan kamar tsakar gidansu. Ni kuwa na iso da kwat da takalmi sau-ciki, da tabbacin cewa kafin damina ta faɗi na gama gyara zaɓen ƙasar Arewa ta Nijar kaf.

Ban daɗe ba jikina ya yi sanyi. Mota ta kafe a rairayi, mu ƙarasa a amalanken jaki. In na gama dogon bayani na ce akwai mai tambaya, sai a tambaye ni yaushe za mu haƙa rijiya. Wani tsoho ma, da ke kira na Mushe, wato Malam a Faransancinsu, cewa ya yi, "Mushe, can Najeriya kun ƙare gyaran naku na?" (Na yi kamar ban gane Hausarsa ba.)

Babban abin da ke damuna shi ne sirrin ƙuri'a. Mace ta fito daga zaɓe ta nuna wa mijinta abin da ta dangwala, miji ya je ya shaida wa maigari. Sai na shirya zaɓen gwaji. Don kada a ce muna yi wa wata jam'iyya aiki, na tsayar da Gero da Wake da Gyaɗa takara. Nan take wani makiyayi ya miƙe ya ce an ware su, ina ɗan takarar masu shanu? Dole na ƙara Nono.

Ranar gwajin gari ya cika a gindin wani gawo. Mun rataye lasifika can sama a reshe, ni kuma na maƙala 'yar ƙaramar makirufo a wuyan rigata. Na nuna rumfar zanar, na buɗe murya.

"Jama'a, wannan ɗaki shi ne 'yancinku! In ka shiga, babu mai ganinka, babu mai jinka. Daga kai sai Allah. Bari in fara shiga ku gani."

Na shiga na ja labule. Ina ɗaukar takardar ƙuri'a sai wayata ta yi ƙara. Matata ce daga Kano, ga shi an kwana biyu layi bai haɗa mu ba. Na ce a raina, ai nan ɗakin sirri ne.

"Maman Ummi, wallahi na gaji," na ce da ita ƙasa-ƙasa. "Mutanen nan ba sa fahimtar komai. Maigarin ma tun da na fara magana yake gyangyaɗi, baki buɗe, ƙuda na shiga yana fita. Ga wani kwaɗon ganye da matarsa ta aiko mini jiya, wai shi kopto, tun asuba nake zaryar bayan gari. Zaɓe? Gyaɗa zan dangwala wa mana. Da wannan cikin nawa Wake ba zai ga ƙuri'ata ba."

Na ɗan ji kamar muryata tana dawo mini daga nesa, na ɗauka matsalar layi ce.

Da na ɗaga labule na fito da murmushina, abin da na fara gani shi ne Madam Rakiya a gindin gawo, ɗankwali a hannu, tana tsalle da sanda tana neman zunguro lasifika. Sauran jama'a kuwa tsit. Maigari idonsa biyu tar, ko alamar barci babu. Matarsa tana tsaye cikin mata ta riƙe ƙugu. Sai a lokacin hannuna ya kai wuyan rigata.

Wata tsohuwa ce ta fara magana. "Ɗakin ga shina da aljana doguwa! Abin da mutum ya hwaɗi ciki, sai ta hau icce ta hwaɗa ma gari!" Mata suka fara saɓa goyo suna ja da baya. Na ga aikina na watanni yana watsewa a gabana, don in suka ƙi wannan rumfa, ranar zaɓen gaske ma ba mai shiga. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, lasifika ta yi wani ƙiii, yara suka ruga.

Maigari ya miƙe a hankali ya gyara rawaninsa. "Mushe, hidda abin ga na wuyanka." Na cire. Ya wuce ni ya shiga rumfa ya ja labule. Shiru. Zana dai muke gani tana ɗan girgiza. Can ya fito yana goge baki.

"Jama'a, wa ya ji abin da ni ce?"

Aka ce babu.

"To, na zagi yaron ga tun daga kai har takalmi, na gama da garinsu duka. Ba wanda ya jiya. Ɗaki lahiya lau shike. Kowa shi shiga shi gwada."

Ban taɓa ganin layi ya miƙe da sauri haka ba. Maza, mata, makiyaya, har samarin 'yan tireda da suka ce da farko ba ruwansu da wasan yara. Ni aka bar wa aikin dangwala tawada a yatsa. Kowa ya shiga ya jima, ya fito fuska sake, ya miƙo mini yatsa ya ce, "Sannu da aiki, Mushe." Matar maigari ta fi kowa daɗewa. Da ta fito ma sai ta koma, wai ta manta wani abu.

Nono ne ya ci zaɓen. A ofis aka yaba mini, aka ce ba a taɓa samun fitowar jama'a irin ta ƙauyena ba, har aka nemi in bayyana wa sauran ma'aikata dabarar da na bi. Madam Rakiya ta kama tari, sai da aka kawo mata ruwa.

Abin da na koya dai shi ne, mutane ba su ƙi zaɓe ba. Ka ba su wurin da za su faɗi abin da ke ransu game da wani mai jin kansa ba tare da an ji su ba, za su tsaya cikin rana har la'asar. Illa dai ka yi addu'a kada ya zama kai ne mutumin.