Dokta Tsvyatko Ya Je Neman Gafara

Kai dai ba ka san Dokta Tsvyatko Drenkov ba, shi ya sa kake ganin ka taɓa haɗuwa da mai ilimi. Mu a garinmu Sarkin Zunubi muke ce masa. Rabin rayuwarsa ya ƙare wajen tono inda kakanninmu Slabawa suka samo kalmar zunubi. Ya rubuta littafi mai kaurin bulo, har mutum biyu sun karanta, shi da mai buga masa.

Saboda wannan babban aiki ne ma ya tafi taron masana a birnin Sofiya alhali mahaifiyarsu na kwance rai a hannun Allah. Aka binne ta yana can ana tafa masa. Tun daga nan yayarsa Gergina ba ta ƙara ce masa uffan ba, kuma ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Bana sai ta aiko: in ya zo ranar Lahadin Yafiya ya sumbaci hannunta ya ce "yafe mini", kamar yadda kowane ƙarami ke wa babba kafin azumin coci, magana ta wuce.

Ya zo kuwa, da lemo, da halawa, da gemu ya sha turare. Gergina na zaune bakin murhu. Ta miƙo hannu.

Dokta ya gyara tabarau. "Yaya, kafin komai, sai mun tantance. Wasu masana sun ce asalin kalmar zunubi daga ƙuna take, wato zuciya na ƙonewa. Ni kuwa na nuna a babi na huɗu cewa karkata ce kawai, kamar kibiya ta kauce."

"Tsvyatko, hannuna ya gaji."

"Yanzu zan zo nan. Kin ga kafin zuwan coci..."

Hannun nan dai na sama. Tsohuwa ce fa! Shi ko ya shiga yaren Polan, ya fito ta na Rasha, har yana miƙa ɗan yatsa sama.

Sai ta janye hannun ta cusa cikin zanin girkinta.

"Je ka, ɗan'uwa. Sai baɗi, in ina raye."

A bakin ƙofa ya tarar da mu maƙwabta muna leƙe. Ya gyara hula ya ce, "Bayanin ya ratsa ta. Ba ku ga har da hawaye ba?"

To kai, a ce ƙanenka ne, baɗin za ka sake miƙa masa hannun?