Turarena a Cikin Kyamarar Masaƙa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya suturta mafi yawan aibobinmu, Ya bayyana kaɗan domin mu san matsayinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ba zan taɓa mantawa ba da makon da aka rufe masaƙarmu ta Challawa. Na daɗe ina limancin ɗan masallacin da ke harabarta, ina kuma kula da ɗakin ajiyar zare. Wuta ta yi ƙaranci, atamfar waje ta cika kasuwa, sai aka sanar da mu cewa daga Juma'a kowa ya kama gabansa. Ma'aikata suka ce a ɗauki hoto guda na kowa da kowa a bakin ƙofa, domin masu komawa Jigawa da Nijar da Filato ba lalle ne a sake haɗuwa ba. A lokacin kuwa wayoyinmu ba sa ɗaukar hoto.

Wanda aka sha wahala kafin ya yarda shi ne Yakubu, bakaniken injin saƙa, Kirista daga kudancin Kaduna, abokin zamana tun gemunmu yana baƙi. Rabonsa da tsayawa gaban kyamara tun hoton katin aiki, wanda ya koɗe tuni. Shi ne mai tsokanata cewa kafin a hango rawanina an riga an ji turarena. (Bai yi ƙarya ba. Turaren mai nake shafawa, ko gefen rawani ba na ragewa.) Ni na lallashe shi, na ce ya tsaya ko don jikokinsa su san kamanninsa.

Kyamarar sashen zane za a yi amfani da ita, irin ta zamani marar fim, wadda ake cire mata gilashin gaba. Danladi, mutumin Filato da ke riƙe da ita, ya lura wani ɗan baƙin ɗigo yana fitowa a kusurwar sama ta kowane hoto. Ya cire gilashin a gabana, ya danna wani wuri, madubi ya ɗaga, ya nuna mini wani ɗan fili mai sheƙi can ciki. Ya ce sunansa sensa, shi ke kama hoton, ƙura ce ta sauka a kansa. Ya roƙe ni, tun da zan shiga gari, in miƙa ta ga mai gyara a Sabon Gari, domin su ke da kayan sharewa. Ya ƙara da cewa kada ko numfashi ya taɓa wurin. Na karɓa, na ce masa amana ce.

A gidana na Panshekara, bayan la'asar, sai na zauna na yi ƙiyasi. Na gaji littattafan rubutun hannu daga kakana, takardarsu ta fi ɓawon albasa rauni, kuma ni nake share su: a hura, a bi da gefen rawani a hankali. Ban taɓa yaga ko ɗaya ba. Na ce a raina, can ƙura ce, nan ma ƙura ce, don haka hukunci ɗaya ne. Hannun da aka amince masa da rubutun magabata, don me zai nemi taimako a Sabon Gari? (Na sha karantar da sharuɗɗan ƙiyasi. Ran nan ban duba ko ɗaya ba.)

Na cire gilashin, na danna inda ya danna, na yi bisimilla na hura. Na manta akwai goro a bakina. Da na ga jajayen ɗigo sun manne, sai na naɗa gefen rawani a kan tsinken sakace, na goga, na sake gogawa, har wurin ya fi dā ƙyalli. Washegari da na mayar da ita, Danladi ya tambaye ni ko an dace. Na ce alhamdu lillahi, ban ƙara ba, shi ma bai ƙara ba.

Ranar Juma'a aka jeru. Yakubu ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya kusa da ni, ya dafa kafaɗata.

"Liman, matsa kaɗan," in ji shi, "kada turarenka ya fito a hoton."

Aka yi dariya. Danladi ya ɗauka, ya leƙa ɗan allon kyamarar cikin hasken rana, ya ce ya yi. Motoci suna jira, aka yi ban kwana. Yakubu ya tafi ƙauyensu washegari.

Ranar Litinin mu da muka rage a Panshekara muka taru a ofishin zane, aka tayar da janareto, domin a ga hoton a kwamfuta kafin a wanke wa kowa. Da ya buɗe, sai ga mutane kamar suna tsaye cikin tururin tukunya, ga jan shafe-shafe ya ratsa sahu. Danladi ya fusata, ya rantse sai ya je ya ci mutuncin mai gyaran a gaban shagonsa. Ni ina zaune da carbi, ina jin ana zagin mutumin da bai taɓa ganin kyamarar ba, kuma ban buɗe baki ba.

Sai ya cire gilashin domin ya ga ɓarnar. Ya kai ta kusa da fuskarsa, ya tsaya. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya miƙa wa Hajiya Ladi mai sayar mana da abinci, ita ma ta shinshina, ta ɗago ta kalli rawanina.

"Allah ya gafarta Malam," Danladi ya ce cikin ladabi, "mai gyaran ma irin turarenku yake shafawa?"

Da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

"Ku bar Malam," in ji Hajiya. "Ai tabarruki ya yi mata."

Daga baya mai gyaran ya wanke man turaren, amma ya ce zanen tsinke ba ya goguwa, hoton kuma ba shi da magani.

Kafin damina ta ƙare Yakubu ya rasu. Matarsa Saratu ta aiko tana neman hoton, domin a al'adarsu akan sa fuskar mamaci a takardar jana'iza. Danladi ya zo har zaurena da shi, ya ajiye a gabana, ya tambaye ni abin da zai faɗa mata. Na duba. Ga rigar coci, ga hannunsa a kafaɗata, amma jan shafen ya rufe fuskarsa daga goshi zuwa haɓa. Tawa kuwa, a gefenta, ta fito tas, tana murmushi.

Na ce ya faɗa mata aikin Liman ne. Aka binne shi da takarda marar hoto.

Tun daga nan, duk abin da aka ba ni in kai, a rufe nake kai shi, ƙiyasina kuma ba ya wuce bangon littafi. Goro na daina. Turaren ne na kasa, sai dai ban ƙara jin daɗin ƙamshinsa ba.

Allah Ya tsare ka, mai karatu, kai da iyalanka, daga yarda da kai a inda ba ka da sani, Ya ba ku ikon isar da amana yadda aka ba ku ita. Amin.